Turken Bakin Kogi

Litinin, 3 ga Maris
Na duba layin wutar har turken ƙarshe na bakin kogi. Daga nan sai ƙasar maƙwabta, su za su turo mana wutar. Yadda muka saba da Dogo, mai duba nasu ɓangaren: in buga sufana a ƙafar turkena, shi ma ya buga a nasa, alamar babu kowa a sama. Na buga. An amsa.

Alhamis, 6 ga Maris
Injiniya ya ce bankin da ya ɗauki nauyin aikin ya gaji da jira. In ba a saki wuta wannan watan ba, za su janye. Maganata kawai ake jira, in ce layi babu mutum. Ni da ko kujera ba ni da ita a ofis, yau har da "Malam, zauna mana."

Asabar, 15 ga Maris
Mai kwalekwale ya tambaye ni wa nake buga wa ƙarfe kullum. Na ce Dogo. Ya daɗe yana kallona. Wai an sallami ma'aikatan can tun bara, Dogo kuwa daga saman turken ya faɗo, da shi mai kwalekwalen aka ɗauko gawar. Na yi dariya. Ban san me ya sa ba.

Talata, 18 ga Maris
Da rana tsaka na buga. Shiru. Na ɗaga kai, sai ga mutum zaune can saman turken nasu, ƙafafu na lilo, ya juya mini baya. Na ƙwala kira har muryata ta dushe. Wallahi tsoro ya kama ni. In mai rai ne fa? Ɓarawon waya ma ai mutum ne.

Laraba, 19 ga Maris
Maman yara ta ce, "Baban yara, asibitinmu da fitilar waya ake karɓar haihuwa, kai kana nan kana ganin aljanu." Cikin ƙanwarta wata tara.

Juma'a, 21 ga Maris
Mutumin yana nan a saman turken.
Injiniya ya kira: "Akwai mutum a kan layi?"
Na ce, "Babu, yallaɓai."

Lahadi, 30 ga Maris
Wuta ta zo. Unguwa sai ihu, yara sun ƙi fita daga gaban fanka. Ƙanwar maman yara ta haihu lafiya, mace.
Na nemi a mayar da ni aiki a sito, na ce gwiwa ke damuna. Ban tambayi mai kwalekwale komai ba, jiya ma da na hango shi a kasuwa sai na canza hanya.
Na cire ƙwan lantarkin ɗakina. Hasken ne ya yi mini yawa a ido, ba wani abu ba.