Dalmar da Ta Shaƙe Mota

Baba,

Gaisuwa mai yawa daga nan birnin Montevideo. Ya jikinka, ya ƙafar Mama? Ni lafiya lau, sanyi ne kawai, har na saba da shayinsu mai ɗaci.

Aiki yana nan, sai dai an ɗan canza min wuri a gareji.

Wata nas ce ta kawo motarta, motar tana shan mai ba ƙaƙƙautawa. Kwamfuta ta nuna laifin na'urar da ke auna iska a jikin salansa. Na leƙa, na ga wayar na'urar ta tsinke. Maigidana, Don Washington, ya ce a sayo sabuwar na'ura. Na yi dariya, na ce mu a garinmu Holguín ba ma zubar da abu. A gaban kowa na liƙe wayar da dalma, tsaf yadda ka koya min.

Ba a jima ba motar ta mace wa matar a hanyar asibiti, aka jawo ta. Don Washington ya duba, ya ce, "Kai ɗan Kuba, na'urar nan ta cikin wayarta take numfashi. Ka shaƙe ta da gwanintarka!"

Yanzu wankin kayan inji nake yi, abokan aiki na kirana Sarkin Dalma. In Kawu Eulogio ya tambaya, ka ce masa ina gyaran mota.

Ƙarfen liƙin da ka ba ni ranar tafiya yana ƙasan jaka. Amma Baba, liƙin kansa, maigidan ya ce bai taɓa ganin mai kyansa ba.

Ka sa min albarka.

Ɗanka,
Yoandri