Ni Na Ɗaura Notin, Taubashina Ya Ɗauki Sunan

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Ina fatan kowa yana lafiya. Roƙona a ɓoye sunana, kuma duk wanda zai yanke mini hukunci ya daure ya kai ƙarshen takardar tukuna. Ni tsoho ne, na gaji, ba kuma neman a ce na yi daidai nake ba.

Yanzu mota ta zama ruwan dare. Ranar kasuwar Ajingi sai ka rasa inda za ka ɗaure jaki don motocin kiya-kiya da babura, kuma kowane direba ya iya shiga ƙarƙashin motarsa ya yi mata juye, wato ya zubar da tsohon baƙin mai ya zuba sabo. Da ba haka abin yake ba. Shekara goma sha biyu da suka wuce, tun ana tuƙi ta hannun hagu, motocin da ke bin hanyar Gaya zuwa Ajingi ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kowace ana gane ta da kukanta tun daga nesa. Ɗaya a cikinsu tawa ce, sabuwar a-kori-kura da na saya don jigilar gyaɗa da dawa. A lokacin juye ba aikin kowa ba ne. Kamfanin da ya sayar maka da mota a Kano shi ke yi, ka kai ta sabis, a rubuta a kati, makaniken da ya yi aikin ya sa hannu.

Kafin in dawo gida in zauna na yi yawon duniya. Na bi manyan motocin goro har Kumasi, na shekara huɗu a Cadi, na yi aikin auduga a Sudan kan hanyata ta zuwa Makka. Ina jin Fillanci da Barbarci da Larabci, ina taɓa Faransanci da Turanci. Don haka a ƙauyenmu, wajejen Balan, idan magana ta shafi mota ko wata ƙasa, abin da na faɗa shi ne ƙarshe. Na faɗi wannan ne don ku gane nauyin da bakina yake da shi, domin da bakin na yi ɓarnar.

Ina da taubashi, Isyaku, ɗan gwaggona, na girme shi da kusan shekara goma sha biyar. Shi ne mutum na farko daga yankinmu da ya koyi aikin makanike har wancan kamfani ya ɗauke shi. Kun san wasan taubasai. Ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace, saboda haka ko a gaban wa "bawana" nake kiransa, shi kuma ya ce da ni "mai baki bakwai, ciki ɗaya". Duk abin da ɗaya ya gaya wa ɗaya ba a fushi, ba a kai ƙara, dariya ake yi. Na ga irin wannan wasa tsakanin Fulani da Barebari a Borno, na ga wani mai kama da shi a Cadi, amma ban taɓa tunanin mutum zai iya ɓoye ƙarya a cikinsa ba sai da na yi da kaina.

Na kai motar sabis karo na biyu, Isyaku ya yi aikin, na dawo. Washegari da safe na ga ɗigon baƙin mai a kan yashi inda ta kwana, bai fi faɗin tafin hannu ba. Kwana biyu ina gani. Yau na san man da ya zuba ne a jikin inji lokacin da ake ɗurawa yake gangarowa, da na yi haƙuri da ya daina. Amma a ranar sai na ce a raina, ni da na ga direbobin Sudan suna sauke inji a tsakiyar rairayi, me zai sa in riƙa ɓata yini guda zuwa Kano don a mayar mini da mota tana yoyo? Na sayo galan na mai a Gaya, na haƙa rami a bayan gida, na ɗora motar a kai, na kwance notin da ke ƙasan inji, mai ya tsiyaye. Da na zo mayarwa sai na ce bari in ɗaure shi yadda ba zai sake ɗiga ba har abada. Na zura bututun ƙarfe a hannun sifana don in ƙara ƙarfi, na danna. Sai na ji wani ɗan ƙas, notin ya koma juyawa kamar a cikin man shanu. Haƙoransa sun cinye. Me ya kamata in yi? In bar motar a nan, in aika wa Isyaku. Me na yi? Na naɗe notin da zaren saƙa, na shafe shi da sabulu, na cusa, na zuba sabon mai, na cike ramin, ban gaya wa kowa ba. Kunya ce kawai, kada a ce mai baki bakwai bai iya ɗaura noti ba.

Kwana huɗu bayan nan, ranar kasuwa, na ɗauko buhunan gyaɗa da mutum tara daga Gafasa. Ba mu kai Ajingi ba na ji injin ya fara ƙara kamar ana daka a turmin ƙarfe, sannan ya tsaya cik. Muka sauko, ga baƙin layi a bayanmu har inda ido ya ƙure. Notin ya faɗi, mai ya ƙare, inji ya buga. Wani dattijo a cikin fasinjojin ya tambaya, ashe ba makon jiya aka kai ta Kano ba? Ni kuwa ina share gumi na ce, "Ai aikin bawana ne. Isyaku Ɗigau, duk abin da ya taɓa sai ya ɗiga." Aka fashe da dariya a bakin hanya. Wallahi a lokacin wasa ne ya fito, amma da na ga an karɓa sai na bar shi a haka.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Aka jawo motar zuwa Kano, na san idan kamfani ya gane ni na taɓa ta ba za su sa mini wani inji kyauta ba. Manajan baƙo ne, Faransanci ya fi masa sauƙi, sai na juya harshe na yi ta zuba, shi kuma yana jin daɗin ya sami mai jin yarensa. Na ce tun da aka yi sabis take ɗiga, wanda gaskiya ne, ban ƙara komai a kai ba. Ya jawo kati, ya ga hannun Isyaku. Aka kira shi, ya tsaya yana goge hannu da tsumma, muna magana a kansa da yaren da ba ya ji. Aka tambaye shi da Hausa ta bakin tafinta, ya ce shi dai ya ɗaura noti kamar yadda ya saba. Aka sa mini inji, shi aka sallame shi.

Ya kwaso matarsa da 'ya'yansa ya dawo ƙauyenmu, ya tarar sunan ya riga shi isowa. Ɗigau. Ya kafa rumfar gyara a Gaya, ko injin niƙa ba wanda ya kawo masa, masu wucewa sai su ce a kai wa Ɗigau idan ana son a yi ban ruwa da baƙin mai. Ya rufe, ya koma gona da facin keke. Yau 'ya'yansa ko a makaranta 'ya'yan Ɗigau ake ce musu, matarsa matar Ɗigau, har liman da bakinsa ya taɓa kiransa haka a wajen suna. Shi kuwa bai fasa wasa da ni ba. Ya zo ya cinye mini tuwo, ya ɗauke mini takalmi a ƙofar masallaci, ni ma in ce bawana ina kwana. Shekara goma sha biyu ke nan. Motar ma na sayar da ita tuni. Na san yadda ake cewa a gafarce ni da harshe biyar, ban faɗa masa da ko ɗaya ba. Wane irin mutum ne wannan?

Abin da ya sa na rubuto shi ne, an kawo taraktocin haya Gaya, ana neman makanike ɗan ƙasa da zai riƙa kula da su, aka ce dagaci ya ba da suna kafin Juma'a ta sama. Duk yankin nan ba wanda ya kai Isyaku sanin inji, ni shaida ne. Dagaci ya kira ni shawara tunda ni ne masanin mota, na ce a ba da sunan Isyaku. Ya ce haba Alhaji, so kake tarakta ta ɗige a gonar mutane a ce ni na kawo shi? Na daure, a gaban mutum shida, na ce ai notin nan ni na lalata shi, ba Isyaku ba. Kun san abin da ya faru? Dariya suka yi. Suka ce yau ubangida yana rufa wa bawansa asiri, wani ya ce sabon wasa ne na ƙirƙiro. Maganata a kan Isyaku ba ta da nauyi a wurin kowa, duk wasan taubasai ne. Ta ƙofar da ƙaryar ta shiga lafiya, gaskiya ta kasa wucewa. Dagaci ya ce idan da gaske nake sai dai in dafa Alƙur'ani a gaban jama'a bayan sallar Juma'a, ya faɗa yana dariya, don ya tabbata ba zan yi ba.

Shekaranjiya da hantsi na bi Isyaku gona, na same shi shi kaɗai yana cirar gyaɗa. Ban ce bawana ba, na kira sunansa. Na gaya masa komai, ramin, bututun, zaren, Faransancin. Bai daina kakkaɓe ƙasa daga gyaɗar da ke hannunsa ba har na gama.

"Na sani," in ji shi. "Ranar da aka jawo motar ni na fara shiga ƙarƙashinta. Na ga zaren a maƙale, na ji ƙanshin sabulu. Na cire na sa a aljihu."

Na ce to me ya hana ka faɗa?

"Da wane bakin zan ce ɗan kawuna maƙaryaci ne a gaban baƙo? Na zaci za ka faɗa da kanka idan mun dawo gida. Na jira damina ɗaya, na jira biyu, sai na daina."

Na gaya masa maganar tarakta da rantsuwar. Ya ce kada in yi. Ya ce shi ya saba da sunan, amma ni tsoho ne, ina da surukai da jikoki, idan na rantse su ma sai sun sami nasu sunan, kuma garin nan ba ya mantuwa. Na ce to ka yafe mini. Ya ɗauki kwandonsa ya ce, "Sai an jima, Alhaji."

Tun da yake bai taɓa ce mini Alhaji ba, ko ranar da na dawo daga Makka. Jiya mun haɗu a masallaci, ya durƙusa ya gaishe ni kamar yadda ake gaida kowane dattijo, na fito na tarar da takalmina a inda na ajiye su.

Idan na yi shiru, aikin ya wuce shi, kuma a shekarunsa ba na jin wani zai sake zuwa, 'ya'yansa su ci gaba da amsa sunan da ni na raɗa. Idan na dafa Alƙur'ani, na saɓa wa abu ɗaya tak da ya taɓa roƙona da gaske, na kuma jawo wa gidana abin da na jawo wa nasa. Ban ma sani ba ko don shi nake son yi, ko don in sauke kayana kafin in kwanta dama. Abu guda dai ya riga ya tabbata, ko na rantse ko ban rantse ba, wasa ya ƙare tsakanina da Isyaku, ba ni da taubashi kuma. Juma'a saura kwana biyar. Jama'a, don Allah, me zan yi?