Na Ƙwanƙwasa Jirgin Kakanninsu

Kawu Ilu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina fama da jama'a? Yaya ƙafar taka, kana iya sauka bakin tafkin Madarunfa kuwa? Yaya Inna Hajo da yara? Ni lafiya lau nake nan Norwe, karatu na tafiya, sai dai sanyi.

Ran Asabar aka kai mu yawon buɗe ido. Kawu, teku ce ta kutso tsakanin duwatsu har cikin gari, gidajen katako ja da rawaya sun jeru bakinta. Daga nan muka shiga gidan tarihi inda mutanen ƙasar suka aje jirgin ruwan kakanninsu, waɗanda ake ce ma Viking. Baƙi wuluk, dogo, kwalekwalenka uku ba su kai shi ba.

Ka san yadda ka koya mani tun ina ƙarami: ba a yaba jirgi sai an ƙwanƙwasa cikinsa an saurara. Wallahi ban san sadda hannuna ya tsallake igiyar da aka kewaye jirgin da ita ba. Ƙwas, ƙwas! Sai ƙararrawa ta ɗauka, mai gadi ta sheƙo a guje. Na ce shi ke nan, yau za a maido ni gida. Da na yi mata bayani ta yi ta dariya, ta ja mani kunne, sannan ta rage murya: "To, me ka ji?"

Na ce mata lafiyayye ne, Kawuna zai saya.

A sa ni cikin addu'a, jarrabawa ta matso. A gaida Inna da duk masunta.

Ɗanka,
Sabi'u