Taurarin da Suka Ratsa Ƙirjinki

Zuwa ga Hanaa, amaryata, sanyin idona, ruwan farko da ake sakowa gonata bayan ƙasa ta tsattsage, ƙamshin gahawar jabana da asuba, hasken da ke raka ni gida idan na yi yamma a hawasha wajen noma! Gaisuwa daga Kamlin, daga ɗakin da kika bari. Har yau turarenki yana maƙale a labule, na kuma hana kowa ɗaga labulen don kada ya fice.

Labari ya iske ni daga garin Abu Na'ama cewa zazzaɓin bai sake ki ba. An ce kin ƙi wainar kisra, kin ƙi madara, kin ture ƙwayoyin da likita ya ba ki, wai ciwonki ba na asibiti ba ne. An ce kina kwance a gadon angarib kina kallon rufi, idan an yi miki magana sai ki ce rabinki yana can hamada. Wayyo Hanaa! Ke da kike cika gida da dariya har maƙwabta su leƙo? Duk wannan saboda hoto guda ɗaya?

Kin tuna darenmu a hamadar Butana? Kakarki, Habboba Sabuwa, ta ja kunnenmu cewa amarya ba ta kwana a fili kafin ta yi arba'in. Muka ce mata to, muna fita muka hau mota. Kada ki ce ni kaɗai ne, ke kika riga ni haɗa kaya, har da butar shayi! An gama girbin dawa, na samu hutu, na kuma daɗe ina yi miki alkawarin nuna miki sama a inda babu fitila ko guda. Ya salam, wane irin shiru ne wannan! Babu kukan kwaɗin magudanar ruwa, babu haushin kare, babu jakin kowa. Shirun da mutum ke jin bugun jininsa a kunne. Taurari suka sauko ƙasa-ƙasa kamar za su taɓa kanmu, Kaza da 'ya'yanta ta taso daga bayan tudun yashi, kika matso kusa da ni kika ce sun yi yawa, kamar kallonmu suke yi.

Na kafa kamara a kan ƙafafunta uku. Na gaya miki cewa a duhu sai ta daɗe da ido a buɗe tana tara haske kaɗan-kaɗan, don haka mu tsaya cik tsawon karatun Fatiha, ko ƙifta ido kada mu yi. Na danna, na rugo na tsaya a gefenki. Ba mu kai rabin surar ba sai na ji hannunki ya zame daga nawa. Kika waiwaya, kika ce na'am, kika taka zuwa wajen tudun. Da na riƙo ki, kika ce wata mace ce ta kira sunanki. Wallahi ni ban ji komai ba, Hanaa, amma na ji sanyin tafinki. Da gari ya waye muka ga jan zaren siliki da aka ɗaura miki ranar biki babu shi a hannunki, muka tona yashi har rana ta yi zafi ba mu gan shi ba.

Sai ga hoton. Ni ga ni nan ƙiƙam kamar turken akuya. Ke kuwa kamar hayaƙi, lulluɓinki na tob ya zama hazo, taurarin Kaza suna haskawa ta tsakiyar ƙirjinki. A lokacin cewa kika yi ba a taɓa yi miki hoto mai kyau irinsa ba, da hannunki kika tura wa dangi a waya. Habboba na gani ta hau bas, ta zo ta ce kin amsa kiran mutanen ɓoye, kurwarki tana hannunsu, ga shaida nan ana hangen sama ta jikinki. Ta tafi da ke gidanta a Abu Na'ama. Sauron bakin kogin can kuma ya yi nasa aikin, zazzaɓi ya kama ki. Na yi bayani har maƙogwarona ya bushe: duk wanda ya motsa kamara tana buɗe, haka yake fita. Amma wa ke jin bayani idan tsoro ya riga shi shiga kunne?

To ki saurara, farin cikin raina. Na koma wurin, ni kaɗai.

Ba zan yi miki cika baki ba, tsoro ya kama ni tun da direba ya ajiye ni ya juya. Iska ta shafe sawunmu tas, kamar ba a taɓa haihuwarmu ba. Sai duwatsun murhunmu da suka yi baƙi, da su na gane wurin. A bayan tudun nan, inda kika nufa a daren, akwai wata 'yar ƙaya. Zarenki yana jikin reshenta, Hanaa. Ba maƙalewa ya yi ba, ɗaure shi aka yi, ƙulli mai kyau irin na hannun mace. Babu sawun mutum, babu na raƙumi. Na ce wa zuciyata wani makiyayi ne ya tsince shi ya ɗaura, na maimaita mata haka har ta gaji, amma tsikar jikina ba ta kwanta ba.

Na jira har Kaza ta taso. Na kafa kamara inda na kafa ta, na tsaya daidai inda kika tsaya, na kasa kunne. Ko za a kira ni? Ko Nasir bai isa a san sunansa a can ba? Babu wanda ya kira. Sai na waiwaya, na ɗaga murya na ce na'am, har na ji ta dawo mini daga yashi, sannan na taka zuwa tudun kamar yadda kika yi.

Ga hoton nan na haɗo miki. Dube ni da kyau, ya ke tauraruwar da ta fi su duka! Ga mijinki ya zama hayaƙi, ga taurarin nan dai a tsakiyar ƙirjina. Idan aikin kamara ne, to ciwonki na sauro ne, kuma maganinsa yana nan a gefen matashinki. Idan kuwa Habboba ce da gaskiya, to yanzu kurwa biyu suke riƙe da su, taki ba ta kwana ita kaɗai a wannan sanyi. Kuma ga ni nan da rabin jiki na share kwanon tuwon asida, na yini a gona. Ashe ana rayuwa da rabi!

Don Allah, don darajar iyayenki, ki sha maganin nan yau. Ki ci ko loma biyu ce. Me zan yi da sama cike da taurari idan babu mai matsowa kusa da ni ta ce sun yi yawa? Ranar Juma'a ina tafe da zarenki, a gaban Habboba zan durƙusa in mayar miki da shi, ita kuma ta tofa mana addu'a mu biyu.

Idan aka sake kiran sunanki cikin dare, kada ki amsa. Na riga na amsa miki.

Naki a nan, naki a can bayan tudu, naki har ranar da taurari za su zube,

Nasir