Gugar Rissa

Tawa, 6 ga Maris 1965

Zuwa ga Rissa, a Bambeye.

Bayan gaisuwa, wadda na yi don ladabin da Inna ta koya mini, ba don ka cancanta ba.

Labari ya iske ni a tasha, gaban mutane, cewa ka komo daga asibitin mishan da idonka ya warke, sallarka ta mutu. Wai yanzu Kirista kake. To, madalla. Uwarka ta rasu ta bar ka jinjiri, Inna Jummai ta ɗauke ka ta haɗa mu nono ɗaya, ga sakayyar da ka yi mata.

Ka san ni. Shekara biyu na yi a kwalej na fito, ba wanda ya riƙa mini hannu. Na yi dako, na kwana ƙarƙashin motar wani, yau kamiyo biyu, manyan motocin kaya, ke ɗauke da sunana. Rijiyar da ke tsakiyar gari ni na gina ta, zurfinta gaba ashirin da biyu, da siminti, ba gwamnati ba. Saboda haka ka ji da kyau: gugarka ba ta shiga rijiyata. Ruwan alwalar Musulmi ne. Gidan Inna kuma ka ɗauke ƙafa.

Ka huta.
Alƙasum, mai motoci.

*

Bambeye, 10 ga Maris

Zuwa ga ɗan'uwana Alƙasum.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da motoci.

Direbanka ya ba ni takarda. Rijiya taka ce, na ji, na bi. Tsohuwar rijiyar fadama tana nan, ni da jakina mun san hanya. Tafiya ce daga asuba zuwa hantsi, ba ta kashe kowa ba.

Na gidan Inna ne ba zan iya ba. Ka daɗe ba ka zo ba, ba ka ga ƙafafunta ba. Ba ta tashi sai an ɗaga ta. Yaya Kadidiya tana gidan mijinta da ɗiya shida. Ni ke fito da Inna inuwa da safe, ni ke maida ta ɗaki. In na ɗauke ƙafa, wa zai sa tashi?

Kowace safiya ina roƙon Allah dominka, da sunanka. Ba ƙararka nake kaiwa ba. Albarka nake roƙa maka.

Ka huta lafiya.
Naka, Rissa.

*

Tawa, 14 ga Maris

Rissa,

Ina gaisuwa. Ka fitar da sunana daga addu'arka. Ban ba ka aro ba. Abin da na samu, da gumina da ikon Allah na same shi, ba da waƙe-waƙenku na Lahadi ba.

Kana tsammani ban gane ba? Na yi yawo har Abijan, na ga irinku. Mai kama zabi ba ya bin su da gudu, hatsi yake watsawa. Yau ɗaga tsohuwa, gobe ɗan magani, jibi littafi. A kan uwata ba za ka yi wannan farauta ba.

Na ɗauki Halima matar Baƙo, za ta riƙa cika randar Inna daga rijiyata safe da marece. Ba a bukatarka. Kuma ka daina kirana ɗan'uwa a takarda, direba shina karantawa.

Alƙasum.

*

Bambeye, 19 ga Afrilu

Zuwa ga ƙanena Alƙasum, daga yayarka Kadidiya. Mushen lakwal, malamin makarantar boko, ke rubuta mini, na ce kada ya gyara ko kalma ɗaya.

Ina gaishe ka, ina gajiya, ina zafi.

Kai, mai siminti! Ka san Inna ba ta sha ruwan rijiyarka ba tun ranar da anka karanta mata takardarka? Halima tana cika randa, ita kuwa tana sa a zuba wa awaki. Ta ce ku biyu ta shayar, ba ta ware wa kowa nono ba, ruwan da anka hana ɗaya ba ya wuce maƙogwaronta. Ka san halinta. Wurinta ka gado taurin kan.

Abin da Rissa ya kawo daga fadama shi kaɗai take sha. Ja ne kamar kunun kanwa. Shina tace shi da ƙyalle, ya tafasa, yadda sunka koya mashi can asibiti. To ga rani ya yi tsanani, rijiyar ta ja baya, sai ya zauna jiran ta tsatso. Jakin ya mutu makon jiya, yanzu a kafaɗa yake ɗaukowa. A cikin wanga ɗan ruwa har Malam Illa ladan yake ɗibar wa, makahon nan da ya tofa mashi yawu ranar kasuwa.

Ka ce farauta yake. Ni dai ga abin da idona ya gani: shi ke duba inuwa ya ce, "Inna, azahar ta yi." Shi ke miƙa mata buta, ya juya ta gabas, ya koma zaure ya yi tashi addu'ar. Na tambaye shi mi yake nema. Ya ce Allah ya ƙaunace shi tun bai san komi ba, bai ga inda zai kai ƙaunar ba in ba nan ba. Addininshi ban yarda da shi ba, na faɗa mashi. Amma leɓen Inna ya tsage, ƙanena, magana tana yi mata wuya.

Ka huta lafiya, in kana iyawa.

*

Tawa, 21 ga Afrilu

Rissa,

Gaisuwa. Ashe nan ka nufa. Ka mai da uwata sandar dukana. Tunda maganarka take ji, ka ce mata ta sha. In wani abu ya same ta, wallahi har gaban kumandan mai mulkin yanki za mu je, kuma shina san ni.

Ni ban taɓa faɗin magana gaban jama'a na lashe ta ba. Dattawan gari duka sun ji hukuncina. Kana so a ce Alƙasum ya durƙusa wa wanda ya bar salla?

Alƙasum.

*

Bambeye, 23 ga Afrilu

Zuwa ga Alƙasum.

Ina gaishe ka da kyau.

Na ce mata. Na durƙusa na ce mata, ba sau ɗaya ba. Ta juya fuska bango. Halima ta ba ni shawara in bari ta zuba ruwanka a tuluna, in ce na fadama ne. Na kai hannu, na fasa. Ban taɓa yi wa Inna ƙarya ba, kuma harshenta ya san bambanci.

Na ce zan bar garin don ka huta. Ta ce in na tafi, ko na fadamar ta daina.

Jiya rijiyar fadama ta ba ni abin da bai kai rabin tulu ba. Yau ƙasa da haka. Damina da saura. Ba na neman ka durƙusa, ba na neman ka gaishe ni a hanya. Ka ce wa dattawa abin da kake so a kaina, zan amsa. Ni zan iya shan laka har ruwan sama ya sauka. Ita ba za ta kai ba.

Allah ya kiyaye ka. Ban daina roƙonshi ba, ba zan ɓoye maka ba.
Rissa.

*

Tawa, 24 ga Afrilu

Yaya Kadidiya,

Ina gaisuwa. Na fasa lodin Ƙonni don motar ta kawo wagga takarda yau.

Rissa ya sa gugarshi a rijiyata. Yanzu, ba gobe ba. A fito da Inna bakin zaure ta gani da idonta, kada ta ce anka ruɗe ta. Wanda ya tambaya, ki ce ni na ce, ya zo Tawa ya same ni.

Ban yafe mashi ba, ki faɗa mashi haka.

Direba zai tsaya. Kada ki sallame shi sai ta sha. Ki aiko mini ƙoƙo nawa ta sha.

Ƙanenki, Alƙasum.