Na Janye Sunana Saboda Malam

Abbasiya, Alƙahira

Yaya Ummul-Khairi,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da yara, da aikin jami'a.

Hankalina ya ƙi kwanciya. Cibiyar da na yi digirina na uku za ta ɗauki malamin nahawu, na kuma nema. Sai masu ba ta tallafi daga waje suka gindaya sharaɗi, wai dole a ɗauki wanda ba Balarabe ba. Malamina Dakta Munzir ya miƙe a taro ya ce babu mai zaɓa wa sashe malami sai malaman sashen. Ni kaɗai ne baƙo cikin masu nema. Tun ranar, in na hango shi sai in sauya hanya.

Ki gaida Inna.

Ƙaninki, Ma'azu

Sakkwato

Ma'azu,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, Inna na sa maka albarka.

Kai dai ba ka rabuwa da kunyar nan taka. Ni ma sai da aka ce mace ake nema kafin aka duba takarduna, yau shekara tara ba wanda ya raina ajina. Malaminka yana da tasa gaskiyar, amma ba ita za ta ciyar da matarka Zainabu da jariri ba, ga izinin zamanka saura wata biyu. Ka je ka tambaye shi baki da baki. Kada ka yanke komai kai kaɗai.

Allah ya zaɓa mafi alheri.

Yayarka

Abbasiya

Yaya,

Bayan gaisuwa, wasiƙarki ta tarar na riga na janye sunana. Na ga ba zan hau kujerar da malamina yake yaƙa ba, kuma ɗalibi ba ya tsare malaminsa da tambaya. Da yake babu wani baƙo da ya rage, an ɗauki abokina Husam.

Jiya Dakta ya tare ni a unguwar Darrasa, gaban wani mai littattafai, ransa a ɓace. Ashe sunana ya sa farko a jerin masu nema tun kafin sharaɗin ya zo. Yaƙinsa duk don kada gobe a ce fatata ce ta ba ni aikin.

"Ya ibni, ɗana," ya ce, "kan wasali ɗaya kana hana ni shan shayi da tambaya. Wannan ce ka kasa yi mini?"

 Haushin kaina nake ji, Yaya.

Ki ce wa Inna a share mana ɗakin ƙofar gida, gida za mu dawo. Amma kada ku kira Zainabu tukuna. Har yanzu ta ɗauka sakamako muke jira.

Ki sa ni a addu'a.

Ma'azu