Mijina Ya Zama Maijego

Inno, don girman Allah ki cece ni, abin duniya ya ishe ni. Ni ungozoma ce a Gwandu, kuma tun ina da ƙarfina nake koya wa mata jinyar masu jego. Wallahi na daina jin daɗin koyarwar nan. Hadijatu, wadda ta zo hannuna ko cibiya ba ta iya gasawa ba, yau a Kalgo ita ake yabo, ita ake kai wa cinyar ragon suna, ni ko a gaishe ni.

To wannan da sauƙi. Bana ina da ɗalibai biyu, ɗiyan ƙanwata, sai haihuwa ta yi ƙaranci a unguwa, ba wadda za a gwada aikin a kanta. Na roƙi maigidana Mamman ya kwanta a matsayin maijego na yini ɗaya tak. Suka dama masa kunun kanwa, suka gasa masa kauri, suka koyi tayar da shi zaune da lallashi. Inno, mutumin nan bai sake tashi ba! Ya yi kumatu, yana nishi, yana ƙorafin kanwa ba ta ji ba. Damina ta sauka, kowa ya yi shuka, shi ya ce bai yi arba'in ba. Jiya har abokansa suka zo barka, ya amsa da 'yar siririyar murya. Kunya kamar in nutse. In bar koyarwar nan in huta, ko yaya?

Ungozoma mai takaici, Gwandu

'Yar'uwa, sannu, Allah ya ba maijego lafiya.

Kada ki bari. Yabon da ake yi wa Hadijatu naki ne, ko ba a kira sunanki ba, duk jaririn da ya rayu a hannunta kina da lada. Amma lada ba ya hana zumunci: ki aika mata goro, ki tambayi lafiyarta. Mai hankali ce, cinya za ta biyo baya.

Shi kuwa Malam Mamman, kada mu zalunce shi. Ke kika kwantar da shi, kuma ɗaliban da suka iya sa ƙato ya manta gonarsa sun ƙware, ki yi alfahari. Kuskurenki ɗaya, rabin darasi kika koyar. Jego ba kunu da nama kaɗai ba ne. Gobe da safe ki ɗora babbar tukunya inda zai gani daga shimfiɗarsa, ta tafasa sosai, ki ajiye ganyen runhu kusa. Ki sa a hura wuta ƙarƙashin gadon ƙasa. Sannan ki gaya masa cikin ladabi cewa wankan jego safe da yamma ne, har arba'in ɗin da yake jira. Ki jingina masa fartanya a bakin ƙofa, kada ya tafi gona hannu banza saboda sauri.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya kawo miki masu jego na gaskiya.

Inno